Ta Bakin Ciki

Shekara ashirin da shida ina riƙe kawunan mutane
a ɗaki na bakwai, asibitin Khovd,
ni Altanzul, mai cewa, "Haɗiye, baba, haɗiye,"
Dakta Dolgormaa kuwa tana zura tiyo mai fitila a goshi,
ya bi maƙogwaro, ya gangara sannu,
kamar mai sauka rijiya da dare
neman abin da ya faɗa ciki.

Mutanenmu masu zurfin ciki ne.
Makiyayi zai kwana uku a hanya, ƙanƙara har gwiwar doki,
ya zauna, ya kife hula a cinya,
a ce me ke damunka, ya ce, "Ɗan ƙwannafi ne."
Ba ta musu da kowa.
Sai ta dubi bel ɗinsa, ta ga huji uku sababbi
da aka ƙara da tsinin wuƙa,
ta ce, "Baki ya faɗi nasa.
Kwanta mu ji ta bakin ciki."

Da farko na'ura ɗaya ce, ba allo,
da ido ɗaya take leƙawa, ta runtse ɗaya,
in wuta ta ɗauke mu tsaya cik
da mutum a hannunmu, yana yawu, yana hawaye.
Da allo ya zo, ni ma na gani:
tuddai jajaye masu sheƙi, kwari da lunguna,
gyambo fari fat kamar tafkin gishiri.
Na ga na gwamna, na ga na mai shara,
ban iya bambanta su ba.

Gombosuren mai raƙuma, shi tabonsa bai kai ƙwayar wake ba.
Ni ban gan shi ba. Ta wuce, ta dawo baya,
ta tsaya, ta tsakuro ɗan nama,
aka sa a kwalba, jirgi ya kai Ulaanbaatar.
Kwana goma sha ɗaya.
Daji ne, amma bai yi saiwa ba tukuna.
Yau shekara tara, duk kaka sai ya zo da buhun busasshen cuku,
ta karɓa, ta yi masa faɗan gishirin da yake zuba wa shayi,
ya yi dariya, ya ce gobe zai rage.

Tserendulam kuwa malamar lissafi ce, arba'in da ɗaya.
Ta jira a yi hutun makaranta.
Tiyo bai ma samu hanyar wucewa ba.
Dakta ta zare shi a hankali,
ta wanke hannu, ta sake wankewa,
ruwa na zuba, na zuba.
Mijin yana waje da takalman matarsa a hannu.
Ban ji abin da ta faɗa masa ba.
Na dai ga miyarta ta daskare a taga har magariba.

Bana hannunta ya fara rawa.
Ba ta jira wani ya faɗa mata ba.
Ranar ƙarshe ta zo ba ta karya ba,
ta cire farar riga, ta hau gadon,
ta kira yaron da ta koyar, Enkhsaikhan:
"Mai leƙa cikin mutane, fara da nawa."

Na riƙe kanta. Furfura ce duk, ban lura ba sai yau.
Na ce, "Haɗiye, Dakta, haɗiye."
Yaron ya sauka, gumi a goshinsa,
ya wuce, ya dawo baya, ya tsaya.
Tsohon tabo ne, ya warke, ya tattare kamar bakin jaka.

Da ta tashi, ta goge baki, ta dubi hoton,
ta ce, "Madalla, ka dawo baya.
Wannan na shekarar Tserendulam ne."
Sannan ta nemi shayi, ba gishiri,
ta ce a shigo da na gaba.