Tafkin Bayan Ikorodu

Ran Lahadi na ja buhu na rufe albasa,
Morufu ya ce, "Yau kam sai ka ga garinmu."
Muka cusa kanmu a danfo, ni da Hansai,
'yata, shekara tara, haifaffiyar Agege,
wadda famfo da kwata kaɗai ta sani ruwa.

Bayan Ikorodu kwalta ta gaji da mu.
Jar ƙasa, gonar rogo, kwakwar manja,
akuya kwance kan kabarin ƙofar gida tana tuƙa.
Sai ga shi can bayan bangon siminti:
an tare rafi, ya haƙura ya zauna,
rabi sarari, rabi kainuwa.

Mata uku na jiƙa rogo a gaɓa,
tsaminsa ya riga gaisuwarsu zuwa.

Iya Sikira ta auna mana gari a leda,
na miƙa kuɗi, ta harare ni,
ta faɗi wata magana, duk suka kwashe,
Morufu ya ƙi fassarawa.

Wani tsoho a kwalekwale yana jan koma,
tarwaɗa biyu, karfasa ɗaya, da takalmin roba.
Ya mai da takalmin ruwa, kamar ajiya ce,
gobe zai dawo dubawa.

Zalɓe na tsaye da ƙafa guda,
ya fi ni haƙuri ran da ciniki ya ƙi.
Marai sun rataye gidajensu a ganyen kwakwa,
gardama suke kamar dillalai kan lodin tumatir.
Wani abu ya sulale daga kan kututture,
Hansai ta damƙe rigata: "Baba, kada!"
Na ce tsari ne, ya fi ki jin tsoro,
dubi wutsiyarsa tana ɓacewa.

Ta yi shiru. Ban taɓa jin shirunta ba.
Balbela goma sha ɗaya, ta ƙirga da yatsa,
sannan ta juyo: "Tsuntsayen nan na waye?"
Na buɗe baki, na rufe.
A Legas ko inuwar gada da mai ita,
ko wurin ajiye tire sai ka biya.
Na ce, "Na Allah ne." Ta ce, "Duka?"
Shirwa ta sauko ta ɗauki kifi,
ba ta nemi rasit ba wajen kowa.

Can ƙetare na hango turaku da jan fenti.
Morufu ya kau da kai, ya tofar da goro,
ya ce filin kawunsa ne, tun bara,
masu gini suna tahowa.

Waya ta yi kuka: motar Aliero ta iso.
Muka kama hanya, rana na jan jiki.
Furen bado a hannun Hansai,
cunkoson Ketu ya yanƙwane shi,
ta ƙi yarwa.