Shimatta

Kakana Tokuji, mai ɗinkin raga a bakin tekun Otaru,
ba ya zagi, ba ya rantsuwa.
Kalma ɗaya gare shi in ya yi ɓarna,
gajeriya, kamar tsinkewar zare:
shimatta.

Ya baro lema a jirgin ƙasa,
ruwa na bin ƙeyarsa har cikin riga: shimatta.
Gishiri ya zarce a miyar miso,
ya ɗanɗana, ya kanne ido: shimatta.
Ran nan ya yanke igiyar da ba ita ba,
aikin yini biyu ya warware a cinyarsa.
Ya sosa kai, ya faɗe ta,
ya sake zura allura.

Kakata Fumie kuwa daga kicin take amsawa,
ko waiwaye ba ta yi:
"Yau kuma me ka yi?"
Shekara hamsin da ɗaya
shi ya jefa, ita ta cafe.

A watan Fabrairu tokarta ta dawo gida
cikin farin tulu da bai kai tukunyar shinkafarta ba.
Bai yi kuka gaban baƙi ba.
Ya rusuna wa kowa,
ya juya musu takalma su fuskanci ƙofa.

Kwana tara bayan nan, da asuba, na sauko.
Dusar ƙanƙara ta cinye rabin taga.
Ga shi durƙushe gaban buta,
ya cika kofi biyu:
nasa mai tsaga a baki,
nata mai zanen kifi shuɗi.
Hannu ya riga zuciya tashi daga barci.

Ya daɗe yana kallon tururi.
"Shimatta," in ji shi, can ƙasa-ƙasa.
Sai ya kasa kunne.

Agogo.
Gurnanin firji.
Wani jirgin ruwa na kuka daga nesa.
Kicin bai tambaye shi komai ba.

Ina tsaye a matakala ta uku,
safa a ƙafa ɗaya, shekarata sha biyu,
maƙogwarona ya bushe kamar busasshen kifi.
Ban san sanda bakina ya buɗe ba:
"Yau kuma me ka yi?"

Kafaɗarsa ta motsa sau ɗaya.
Bai juyo ba.
Da yatsa biyu ya turo kofin mai kifi
zuwa gefen tabarma inda ba kowa.
"Zo ki sha kafin ya huce."

Ganyen ya jiƙu fiye da kima,
ɗaci har cikin kunne.
Na shanye.
Ban gaya masa ba.