Zangon Taliya

Ba sarki ya kafa mu ba, ba maharbi ba.
Masu shimfiɗa gudro ne,
Turawan Italiya bakwai da injin fasa dutse,
suka dasa rumfunan kwano gabas da Gulbin Maraɗi.
Hanya ta ƙare, suka naɗe kayansu.
Mu da muka zo sayar musu da ƙwan zabi
muka zauna.

Kakata Tsahara ta ce Mushe Ranzo
har ƙwalla yake in tumatir ya ruɓe.
Shi ya koya mata murza ƙullu da kwalba,
ta yanka siri-siri, ta shanya a igiyar wanki.
Yau da man gyaɗa da yaji muke ci,
da zai gani, da ya dafe kai.

'Yan Tibiri na mana dariya,
wai da hannu muke magana,
ko cinikin akuya sai yatsu sun tashi sama.
Barmo makaniki har gobe
"cawo" yake ce wa kowane kamyo.

Bayan tsohuwar rijiyar siminti akwai kabari ɗaya,
ruwa ya cinye sunan.
Ba mu san irin addu'arsa ba.
Muna dai share masa ƙarangiya
kowace kaka.