Abin da Anka Zuba Ciki

Da rana ina Kalambaina,
ina auna farar ƙasa,
in ɗiga mata ruwan tsami, ta yi tsuwa, ta yi kumfa,
in rubuta lamba, babbar mota ta wuce.

Da dare Goggo Tumba ta miƙo min kwalin man goge baki,
ranar da aka cire mata turmi na uku.
"Arzika, karanta min mi anka zuba ciki.
Ba ni sauke baƙo a bakina ban san ubansa ba."

Na matsa gindin fitila.
Rubutun kamar sawun tururuwa.
Na farko alli ne, Goggo,
ɗan'uwan dutsen da nake wuni da shi,
an niƙe shi ya fi garin ɗanwake laushi.
Shi ke kankara.
Akwai ɗan sabulu don kumfa,
akwai giliserin don kada ya bushe ko a bazararmu.
Na'ana'a kuwa lallashi ce kawai.
Sai fuloraid, kamar gishiri a miyar marowaci,
yana bin inda tsami ya zaizaye
yana yaɓe, irin na katanga kafin damina.

"Tsamin daga ina?"

Daga wasu 'yan haya da ido bai gani.
Su sha sukarin shayinki,
su biya ki da abin da ke narka gidan.

"To wagga kwalbar fa?"

Ta kurkura ce. Sunanta ya fi ƙarfin harshena.
Tana fasa fatar 'yan hayar,
amma in an daɗe ana yi, haƙori kan yi ja.

Ta yi dariya har na ga giɓin.
"Ta makara. Goro ya riga ta da shekara hamsin."

Da asuba na leƙa tsakar gida.
Buroshin na rataye a ƙusa, ko ledarsa ba a yage ba.
Ta lakata man a kan asuwakinta,
ɗan kanumfari na kunci, wajen ciwon,
tana gurza a hankali, tana magana da buta:
"Dutse da sabulu. Ashe gini ne."

Na hau babur.
Har na wuce Runjin Sambo
harshena na zagaya haƙorana
kamar magini yana duban tsaga.