Saƙon Ya Kwana a Shagon Caji

Sun ce sun aiko. Haka ne, sun aiko.
Wayata kuwa ta kwana a shagon Ilu mai caji,
jere da 'yan'uwanta arba'in a kan katako.
Kowace ta haska, ta yi ƙara, ta yi tsit,
babu kunne ko ɗaya a kusa.

Mu muna gida, a bakin fadamar Auyo.
Shinkafa ta fara sunkuyar da kai.
Inna Tabawa ta kwanta
a kan kunnenta mai ji.

Ba waya ce ta tashe mu ba.
Akuya ce ta tsinke igiya tana tunkuyin ƙyaure,
sai tabarma ta yi sanyi a bayana.
Na miƙa hannu neman tocila,
na taɓa kogi a tsakar ɗakina.

Da hantsi, a tudun makaranta,
Ilu ya iso da wayoyi cikin buhu a ka.
Na buɗe tawa. Layi uku, da Turanci.
Ɗan gidan Nomau, mai aji biyar, ya bi da yatsa:
wai mu tashi, ruwa na tafe.
Muka dubi ruwan.
Yana zaune a rumbunan geronmu.

Ku masu aiko da gargaɗi,
ban raina ƙoƙarinku ba.
Amma wanda maciji ya shiga rigarsa
ba wasiƙa ake rubuta masa ba.

Ku ba lasifikar masallaci batir mai shan rana,
ta yi magana ko da tsakar dare,
da Hausa, da Fillanci saboda rugar Jauro Bappa,
da muryar da za ta ƙetare zaure
ta iske mai jego a ƙuryar ɗaki.
Mu za mu rataya tsohuwar garma a tsamiya,
bugu uku-uku, kowa ya san na ruwa ne.

Ita kuwa Inna, wadda ko aradu ba ta ji,
a rubuta sunan wanda zai taɓa kafaɗarta.
Ranar, a bayana ta fita,
tana tambayata ko asuba ce ta yi.

Bana na sake yaɓe.
Wayar na kwana ƙarƙashin matashina, ko da rabin caji.
Akuyar ma na matso da turkenta
dab da bakin ƙofa.