Majemi, Ba Suna

Ƙarfe takwas Malam Tsahiru ke buɗe laburare,
ni kuwa tun bakwai ina gindin dogon yaro
da kuɗin kabu-kabu na komawa gida, iyakarsu ke nan.
Kwamfuta shida ce a ɗakin. Biyu sun mutu tun bara.
Ta kusa da taga ce mai sauran numfashi.

Ya rubuta mini kalmar sirri a bayan takardar magani.
Ya ce, "Jami'a ta biya har ƙarshen wata.
Ki ɗiba kamar ranar da famfo ya kawo ruwa."
Wa zai koya wa ƴar Damagaram wannan ɗiba?
Mu da ke tashi tsakar dare idan bututu ya yi tari,
mu cika randa, mu cika tulu,
har kwanon sha ba ma bari.

Na rubuta jima. Rumbun ya ce bai santa ba.
Na rubuta bagaruwa, ya miƙo mini sunan itace da Latinanci.
Na rubuta sunan garinmu,
sai ga shi an rubuta shi iri huɗu,
kowane baƙo da yadda kunnensa ya ji.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai cigiyar akuya a ranar kasuwa.

Wajen azahar, a shafi na goma sha tara,
hoto ya fara sauka daga sama, layi-layi:
dutse tukuna, irin namu, mai zaman giwa,
sannan hula, sannan kafaɗa ba riga,
sannan hannu riƙe da kartaji a kan fatar akuya.
Na ƙirga yatsun.
Na sake ƙirgawa.
Na sauke hannuna na hagu ƙarƙashin tebur,
ni da nawa cindon.

A ƙasa an rubuta: majemi, ba suna.
Sunan mai ɗaukar hoton yana nan, har da na tsakiya.
Sunan jirgin ruwan da ya kai shi gida yana nan.
Shafin farko kyauta ne.
Sauran talatin ba sa cikin abin da jami'a ta biya.
Na mayar da kuɗinsu zuwa sefa a gefen littafina,
suka tashi buhun gero.

Na ɗaga waya, na ɗauki hoton hoto,
wuta ta ɗauke.
Ɗakin ya yi ajiyar zuciya tare,
wani ɗan sashen tarihi ya kifa kai a kan tebur.

Da magariba na kai wa Iya Magaram a Birni.
Ta nisanta wayar da idonta, ta kusanto da ita.
Ta daɗe.
Ta ce, "Barma ne. Barma ɗan Kuluwa, ubana.
Yana da riga, ƴar nan, har uku.
Nasaran ne ya ce a cire, wai ya fi kyau.
Kwana biyu bai ci tuwo ba don haushi."
Sai ta yi dariya har da tari,
ta shiga lissafa mini kwana nawa fata ke yi a toka,
nawa a kashin tantabara,
yadda ake gane karan dafi mai kyau da harshe.
Ban san ko yana cikin shafi talatin ɗin ba.
Bironta bakinta ne, nawa ya ƙare a tsakiya.

Da safe na tambayi Malam Tsahiru
ina ake shigar da sunan mutum.
Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya gyara tabarau.
Akwai gurbin biya. Akwai gurbin ƙorafi.
Ya ce, "Gwada na ƙorafin."

Saura kwana tara wata ya ƙare.
Mutum huɗu na tsaye a bayan kujerata.
Ina buga Barma da yatsa ɗaya,
a hankali, kada na'urar ta gyara mini shi.