Akwatin Tafkin Varik

Akwatin yana nan a ɗakin ajiyata,
na ƙarfe ne, kwaɗonsa ya yi tsatsa.
Irin dankali nake zubawa ciki,
don haƙorin ɓera bai kama shi.

Dā muna da kujera a majalisar Regina,
mu manoman alkama na wannan kusurwar Saskatchewan.
In kakakin majalisa ya ce "Tafkin Varik",
wani namu ne zai miƙe, ya gyara murya.

Ingvar Solheim ne ya fara zama kanta.
Ban riske shi ba. Mahaifiyata ta ce
gada ya yi alkawari, gada kuma ya kawo,
sai dai an gina ta daidai ƙofar gonar surukinsa.
Har yau ita muke bi.

Likita Gaudry bai taɓa roƙon ƙuri'a ba.
Rabin masu zaɓen shi ya yanke musu cibiya.
Shekara goma sha shida yana zaune,
sau biyu ya yi magana, duka a kan kuɗin gawayi.

Amma daren Paraska Demchuk!
Malamar makaranta, 'yar mai gyaran takalma.
Dusar ƙanƙara ta toshe hanya kwana biyu,
da tarakta aka jawo wannan akwatin daga kudu.
Ni na ƙirga, ƙarƙashin fitilar kananzir,
yatsuna sun sandare, maza tsaye a kaina.
Suka ce a sake. Na sake.
Suka ce a sake.
Ƙuri'a goma sha ɗaya ba ta zama goma ba.
Ta cire safar hannu ta gaisa da wanda ta kayar,
shi kuwa ya tsaya neman hularsa.

Sannan yara suka fara bin jirgin yamma.
Makaranta ta rufe, aka sauke rumbun bakin dogo.
Na ƙarshenmu, Lorne Pettigrew, mai sayar da garma,
ya yi ta buga tebur, ba wanda ya ɗago kai.
Kujera ba ta ƙirga kaburbura.

Wasu a birni suka shimfiɗa taswira,
suka ja layi ya bi ta tsakiyar titinmu.
Ni an ba arewa, maƙwabciyata Halyna an ba kudu.
Ran zaɓe mota guda muke shiga,
in sauke ta a cocinsu, in wuce mil talatin.

Bazara ta kusa.
Jiya na buɗe akwatin,
dankalin duk ya tsiro a cikin duhu.